Nono da Kindirmo Tsakanin Abinci da Magani: Nazari a kan Ƙwayoyi Masu Amfani a Yankin Tafashiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Tafashiya, ko a wani ƙauye na yankin Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina, ya san cewa da zarar hantsi ya dubi ludayi akan ga matan Fulani sun fito daga rugage da ƙorai bisa kai, an rufe da faya-fayai, sun nufi cikin gari ko kasuwa. Abin da ke cikin ƙoran nan shi ne abincin rana na manomi. Da fura da nono ake tarbar baƙo, da ita ake buɗa-baki, ita kuma ake lallashin majinyaci ya sha idan ya ƙi tuwo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji dattijai na cewa nono yana gyara ciki.

A zamanin nan kuma wata sabuwar kalma ta shigo shagunan magani da kantunan birane, watau furobayotik. Ana rubuta ta a jikin kwalaben yogot da ƙullin gari da kafso, ana cewa ƙwayoyi ne masu rai da ke warkar da cututtukan ciki. Uwar da ɗanta ke gudawa, kuɗin hannunta kuma ba su taka kara sun karya ba, tana tsakanin maganar kakanni da maganar mai kemis, kuma zaɓin da ta yi yana iya zama sanadin rayuwar yaron ko mutuwarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da Bahaushe ya sani game da nono, da abin da binciken likitoci ya tabbatar, da abin da ya ƙaryata, domin a ajiye nono a matsayin da ya dace da shi.

2.0 Kalmomin nono a bakin Bahaushe

Kalmar nono tana da ma'ana uku a Hausa. Ana kiran maman mace nono, ana kiran ruwan da jariri ke tsotsa nono, sa'an nan ana kiran madarar shanu da ta yi tsami nono. Abin da aka tatso yanzu-yanzu madara ne. Idan madara ta kwana ta yi kauri ba a cire mata mai ba, ta zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka kwashe man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da aka fi dama fura da shi. Wanda ya tsinke ya yi ruwa-ruwa kuwa shi ake kira tsala. Fulani, masu sana'ar, suna da nasu rabe-raben: kosam ga nono gaba ɗaya, ɓiraɗam ga sabuwar madara, penndiiɗam ga mai tsami, nebbam ga mai.

Akwai abubuwa biyu a harshen da suka cancanci a lura da su. Na farko, Bahaushe yakan ce madara ta yi barci idan ta daskare, kuma yana bambanta abin da ya yi tsami da abin da ya lalace. Kunun da ya yi gafi zubarwa ake yi, amma kamun da ya yi tsami nemansa ake yi. Ashe ke nan tun kafin a ƙera madubin likita, Bahaushe ya gane cewa akwai canjin da ke gyara abinci, akwai kuma wanda ke ɓata shi.

Na biyu, kalmar magani faɗi gare ta. Akan ce tuwo maganin yunwa, ruwa maganin ƙishirwa, kare maganin ɓarawo. A nan magani yana nufin duk abin da ke kawar da wata damuwa ko ya tare ta. Don haka idan tsohuwa ta ce nono maganin ciki ne, ba lalle ba ne tana nufin abin da likita ke nufi da magani. Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan batu daga faɗin kalmar nan ya taso.

3.0 Yadda madara ke zama nono

Mai yin kindirmo takan tace madara, ta ɗora ta a wuta, ta sauke ta bar ta ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta. Daga nan sai ta zuba ɗan ragowar na jiya, ta rufe ƙwaryar, ta ajiye a ɗaki ta kwana. Wasu kuma ba su dafawa, sukan zuba ɗanyar madara a tsohuwar ƙwarya su bar ta ta yi tsami da kanta.

Abin da ke faruwa cikin daren nan aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Ragowar nonon jiya da jikin tsohuwar ƙwarya cike suke da su, musamman dangin Lactobacillus da Lactococcus da Streptococcus, tare da ɗan yisti. Suna cin sukarin da ke cikin madara, watau laktos, su fitar da wani sinadari mai tsami. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, sabuwar madara tana wajen 6.6, idan ta sauko wajen 4.6 sai ta daskare. Barcin da Bahaushe ke faɗi ke nan. Tsamin nan yana hana ƙwayoyin cuta da yawa hayayyafa, shi ya sa nono ke jure zafin rana a kasuwa, alhali madara ba ta jurewa.

Wajibi ne a bambanta abinci mai tsami da abinci mai rayayyun ƙwayoyi. Dunƙulen fura dafa shi ake yi kafin a kirɓa, saboda haka mafi yawan rayayyun ƙwayoyin da ke cikin damammiyar fura daga nono suke fitowa. Kamu yana da su, amma tafasasshen ruwan da ake dama koko da shi yana kashe su. Koko abinci ne mai kyau mai sauƙin narkewa, sai dai ba ya kai rayayyun ƙwayoyi cikin hanji kamar yadda kindirmo ke kaiwa.

4.0 Tarihin bincike da ma'anar furobayotik

A 1857 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa madara tsami. A 1899 wani likitan yara a birnin Faris, Henry Tissier, ya gano bakteriyar da yanzu ake kira Bifidobacterium a kashin jarirai masu shan nonon uwa. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan ƙasar Balgeriya, Stamen Grigorov, ya ware bakteriyar da ke cikin nonon ƙasarsu. Élie Metchnikoff, haifaffen daular Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur, wanda ya sami lambar Nobel a 1908, shi ne ya yayata ra'ayin cewa shan nono mai tsami yana danne miyagun ƙwayoyin hanji, har ya danganta tsawon ran ƙauyawan Balgeriya da shi. A Japan kuma, Minoru Shirota ya reni wani iri a 1930, aka fara sayar da shi a 1935 da sunan Yakult.

A 2001 Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tara masana a birnin Kordoba na ƙasar Ajantina, suka tsayar da ma'anar kalmar. A taƙaice, sharuɗɗa uku ne: ƙwayoyin su kasance da rai, a sha adadin da ya isa, kuma a tabbatar ta hanyar gwaji cewa suna amfanar lafiyar wanda ya sha. Daga baya masana suka ƙara jaddada cewa dole a san ainihin irin da ake magana a kansa, domin iri biyu na dangi ɗaya suna iya bambanta a aiki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Dalilin da ya sa batun ke da muhimmanci shi ne, jikin ɗan Adam gida ne na bakteriya. Wani lissafi na 2016 ya ƙiyasta cewa baligi na ɗauke da kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Suna narkar da dusar hatsi da ganyen da ciki bai iya narkarwa ba, suna cika wurin da ƙwayoyin cuta za su zauna, suna cinye abincin da za su ci, suna ƙarfafa bangon hanji, suna kuma horar da garkuwar jiki. Ƙwayoyin da aka sha a nono ko a kafso galibi baƙi ne masu wucewa. Sukan yi aiki na 'yan kwanaki, idan an daina sha sai su ɓace.

5.0 Inda aka ga amfani

5.1 Narkar da sukarin madara. Manya da yawa idan suka sha sabuwar madara sai cikinsu ya kumbura, ya yi ƙugi, wani lokaci har da zawo, domin sinadarin da ke narkar da laktos yana raguwa a hanjinsu bayan yaye. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya, tare da abokan aikinsu, suka buga sakamakon binciken da suka yi a Nijeriya. Sun tarar da cewa yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girmansu, amma yawancin mutanen kudu ba su iyawa, Hausawa da yawa ma haka. Nono mai tsami ya sauƙaƙa wannan matsala, domin bakteriya sun riga sun cinye wani kashi na sukarin, kuma suna ci gaba da taimakawa a cikin hanji. Wannan na daga dalilan da suka sa ake samun wanda madara ke ɓata masa ciki, amma yana shan fura da nono kullum lafiya lau.

5.2 Zawon da magani ke jawowa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, ba su bambanta mugu da nagari. Idan suka share mazauna hanji sai wuri ya buɗe wa masu cutarwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen likita, ta haɗa gwaji 33 da aka yi a kan yara fiye da 6,000 masu shan antibayotik. Kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu da furobayotik ne suka yi zawo, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19. Ire-iren da aka fi gwadawa su ne Lactobacillus rhamnosus GG da wani yisti mai suna Saccharomyces boulardii.

5.3 Jarirai. A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Jihar Odisha ta Indiya a kan jarirai 4,556. An ba rabinsu wani iri na Lactobacillus plantarum haɗe da sukarin da yake ci, na kwana bakwai. Cutar ƙwayoyi a jini da mutuwa, idan aka haɗa su, sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Haka kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna raguwar ruɓewar hanji a bakwaini. Amma fa wannan aikin asibiti ne. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da ƙwayar da aka ba shi ta shiga jininsa. Haɗari irin wannan yana kan duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai.

6.0 Inda gwaji bai nuna amfani ba

Cutar da ta fi damun iyaye mata a karkara ita ce gudawar yara ta farat ɗaya, kuma a nan ne sakamako ya saɓa wa fata. A 2018 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka a kan yara 971, ɗaya a Kanada a kan yara 886. Yaran da aka ba furobayotik ba su riga sauran warkewa ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane ta sake duba hujjojin da suka taru, ta ce da wuya idan furobayotik na rage tsawon irin wannan gudawa.

Gwajin da ya fi kusa da abincin Bahaushe an yi shi ne a arewacin Gana, ƙasar da har yau ake sayar da kokon gero da sunan kokon Hausawa. An ba yara masu gudawa ruwan tsamin da ke kwantawa a kan kamu, wanda ba a dafa ba, kuma cike yake da rayayyun ƙwayoyi. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna bai rage yawan zawon ko kwanakinsa ba. A birnin Blantyre na Malawi ma, a 2009, ƙara furobayotik cikin abincin yara masu tamowa bai ƙara yawan waɗanda suka warke ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Alamominsa su ne faɗawar ido da maɗiga, bushewar baki, ƙarancin fitsari, da kasala. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar da magani: ruwan gishiri da sukari na ƙulli, wanda ake narkarwa a tsabtataccen ruwa bisa awon da aka rubuta a jikinsa, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da shayarwa da ba da abinci. A 2022 kuma Nijeriya ta sa rigakafin rota, ƙwayar da ke kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara, cikin jerin rigakafin jarirai. Uwar da ta ce zawon haƙori ne ta zauna jira, ko ta kashe kuɗinta a kan ƙullin furobayotik ta bar ruwan gishiri da sukari, ta bar jaki tana dukan taiki.

7.0 Haɗarin da ke cikin ƙwarya

Tsami yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da su duka. Saniya mai bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana zubo ƙwayar Brucella cikin madararta. Mutumin da ya sha yakan yi zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Haka nan akwai nau'in tarin fuka na shanu da ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Duka biyun suna iya rayuwa kwanaki a cikin nono mai tsami, amma zafi na kashe su. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida kuwa tafasawa ta wadatar.

Haɗari na biyu bayan an gama yin nonon yake zuwa. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare shanu suka rage nono, wasu masu sayarwa kan ƙara ruwa, su sa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Kuka kanta ba cuta ba ce, matsalar tana ga ruwan da aka zuba, idan na tafki ne ko na buɗaɗɗiyar rijiya. Ruwan wanke ludayi, da ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura, da ƙudan kasuwa, duk hanyoyi ne na taifot da kwalara da atini. Ta haka abin da aka sha don gyaran ciki sai ya zama shi ne mai ɓata shi.

8.0 Abin da ya kamata a yi

(a) A tafasa madara kafin a zuba irin jiya, kamar yadda masu kindirmo na ƙwarai ke yi. Dafawar tana kashe masu cuta, irin da aka zuba bayan ta huce shi ke mayar da masu amfani.

(b) A wanke ƙwarya da ludayi da maburgi da tsabtataccen ruwa, a shanya a rana, a kuma dama fura da ruwan da aka amince a sha.

(c) Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, har da dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar. Nonon uwa na ɗauke da wani irin sukari da ke ciyar da Bifidobacterium a hanjin jariri.

(d) Yaron da ya fara cin abinci, idan yana gudawa, a fara da ruwan gishiri da sukari da zinki. Tsabtataccen kindirmo abinci ne mai kyau gare shi a lokacin, domin yana mayar da ƙarfi. In an ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

(e) Mai shan antibayotik irin su tetrasaikilin da sifrofuloksasin kada ya haɗiye su da nono ko fura, domin sinadarin kalsiyam na nono yana kama maganin ya hana jiki ɗaukarsa. A bar tazarar awa biyu ko fiye.

(f) Mai sayen furobayotik na kanti ya duba lambar rajistar NAFDAC, da sunan irin ƙwayar, da ranar ƙarewar aiki, da yadda aka ajiye shi, domin zafi yana kashe ire-ire da yawa.

Isar da wannan bayani ga mutanen rugage da ƙauyuka aiki ne na ma'aikatan lafiya, irin waɗanda Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya ke yayewa, da malaman dabbobi, da gidajen rediyo. Masu nazarin Hausa ma suna da nasu rabon, domin su ne za su samar da kalmomin da za su bambanta abinci da rigakafi da magani a kunnen mai sauraro, su kuma tattara sunaye da dabarun sarrafa nono daga bakin tsofaffin masu sana'ar.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa nono da kindirmo abinci ne mai rai, kuma matan da ke ajiye irin jiya don madarar yau suna renon bakteriya ne tun ƙarnoni kafin Pasteur ya ba abin suna. An ga cewa wasu zaɓaɓɓun ire-iren ƙwayoyi suna da amfanin da gwaji ya tabbatar, musamman wajen narkar da sukarin madara da rage zawon da antibayotik ke jawowa, amma ba su tsayar da gudawar yara ta farat ɗaya. An kuma ga cewa ƙwaryar da ba a tafasa madararta ba, ko aka sirka da gurɓataccen ruwa, tana iya ɗaukar cuta. Maganar dattijan Tafashiya cewa nono yana gyara ciki gaskiya ce a ma'anar Bahaushe ta kalmar magani, watau abin da ke riƙe lafiya ya taimaki mai murmurewa. Ranar da yaro ya kwanta da gudawa kuwa, ƙullin gishiri da sukari ake fara nema, ƙwaryar kindirmo ta biyo baya.